Kiran Turmi

Har yau ba na iya wuce turmi a tsaye babu komai a cikinsa. Ko na wane ne, sai na kwantar da shi, ko in ɗebi 'yar dusa in zuba a ciki. Matan gidan da muke haya a nan Birnin Gwari sun gaji da tambaya sun ƙyale ni, sun ɗauka rikicin tsufa ne. Jikata ce kawai ba ta gaji ba. Kullum sai ta ce, "Kaka, wai me turmi ya yi miki?" Nakan kore ta ta je ta wanke tukunya, don yaran yanzu bakinsu ya fi hannunsu aiki. Amma tambayar takan bi ni har kan tabarma. Uban yarinyar nan shi ne ɗana na fari, kuma turmi ne ya kira shi ya zo. Ba zan faɗi sunansa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ban kuma ga abin da zai sa in fara yanzu da ba ya nan ba.

Ƙauyen da aka kai ni aure yana bakin daji ne, can bayan Kusasu. Idan na ce wa yaran yanzu garin ba shi da ƙofa ko ɗaya, dariya suke yi. To, ba shi da ita. Dangar kara ce ta kewaye kowane gida, zaure a buɗe, bakin ɗaki kuwa tufaniya ce ake jingine wa don kaji da awaki. Kwaɗo ɗaya na sani a garin, a jikin akwatin wani tsoho da ya taɓa zuwa Kaduna, shi ma makullin ya ɓata tun kafin a haife ni, ana dai barinsa a rataye don ado. Dajin da yanzu ake rage murya in za a ambace shi, mu wurin aikinmu ne. Mukan shiga tsintar kaɗe da ɗibar ɗorawa, mu kai azahar muna hira, abin tsoronmu bai wuce maciji da gwaggon biri ba. Matan Fulani sukan ratso da ƙwaryar nono, matan Gwari su wuce da doya a kafaɗa, a tsaya a sha ruwa a yi tsiya a rabu. Da hantsi kuwa garin gaba ɗaya daka yake yi. Ina kwance a ɗaki zan gaya maka gidan da ake surfe da gidan da ake ribɗi, in gaya maka matar da ta tashi da fushi, don kowace mace da irin saukar tabaryarta.

Ban yi sati a gidan ba surukata, wadda kowa ke kira Iya, ta kama ni da laifi. Na gama daka na kwashe, na bar turmin a tsaye na jingina tabarya a jikinsa. Tsohuwa ce 'yar firit, amma idan ta kira ka sai ka ji kamar mutum uku ne suka kira.

Ta ce, "Ke amarya, zo nan. A gidanku haka ake barin turmi da baki a buɗe kamar maroƙi?"

Na durƙusa na ce ban sani ba.

Ta ce, "To yau ki sani. Yaro ya zo ya ɗauki tabaryar nan ya buga, kin tashi gari ke nan. Kwantar da shi."

A ranar ta zaunar da ni ta warware mini. Da rana maza duk suna gona, gari na mata ne da yara da tsofaffi. Turmin da ke da hatsi a ciki muryarsa a toshe take, ba ta wuce gida biyu. Turmin wofi kuwa ƙara yake yi, kwal, kwal, kwal, ya tsallake rafi ya isa gonakin bakin daji. Saboda haka idan wuta ta kama, ko yaro ya faɗa rijiya, ko baƙon hannu ya shiga gida, macen da ta fara gani sai ta zubar da abin da ke cikin turminta ta buga shi wofi, da sauri, babu lugude babu wasa. Duk wadda ta ji sai ta karɓa. Namiji kuwa ko sallama yake yi da sarki, ya ji turmi ya taho. Iya ta ce, "Wanda ya ji turmi ya ƙara saran fartanya ɗaya, ba a ba shi 'ya, ba a cin tuwon sunansa." Ban san wanda ya fara wannan al'ada ba. Iya ma ta ce haka ta tarar.

Ina da cikin fari na ga aikinsa da idona. Tsakiyar damina ce, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba. Na zaga bayan ɗaki zan ɗebo itace, sai na ga ƙafafun mutum biyu sun leƙo daga bakin rumbunmu, faso duk ya tsattsage su. Na buɗe baki, ihun ya ƙi fita. Na koma da baya na kama zanen Iya ina nuni kamar bebiya. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kife gero jiƙaƙƙe a ƙasa, geron da za mu ci a ranar, ta ɗaga tabaryar da ta fi ta tsawo. Bugu na farko na ji shi a haƙorana. Kafin ta yi na goma gidan maƙera ya karɓa, sai gidan liman, sai sauran gidajen gangarenmu, sai garin ya ɗauka gaba ɗaya har kaji suka watse. Can sai na fara hango su. Ta hanyar rafi, ta cikin dawa, ta bayan masallaci, maza a guje da laka har gwiwa, kowa da fartanyarsa. Har makiyayan da ke rugar bayan gari suka bar shanu suka taho da sanduna, da wasu Gwarawa biyu da suke wucewa kawai, ba su ma san gidan wa ake zuwa ba.

Ɓarawon ya fito da damin dawa a ka, ya duba gabas ya duba yamma, ya ga babu ƙofa. Sai ya sauke damin a hankali ya zauna a kai, ya haɗa kai da gwiwa. Samari suka so su taɓa lafiyarsa, mai gari ya ɗaga hannu. Aka ɗora masa damin, aka zaga da shi gida gida yana sallama yana faɗin abin da ya yi, mata na leƙe yara na biye. Daga nan aka ba shi fartanya ya nome gonar wata gwauruwa da ba ta da kowa. Da ya gama, Iya da kanta ta aika masa da tuwo malmala biyu, tana ta faɗa wai ya jawo mata asarar gero. Ta ce yunwa ce ta aiko shi, a tsorata yunwar a sallami mutumin. Ni dai na koma ɗaki. Ban taɓa jin na zauna daram a duniya kamar ranar ba. Na dafa cikina na ce a raina, kai da ke ciki, fito abinka, garin nan da mutane.

Da aka yaye ɗan nawa Iya ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi da ɗan fari. A ɗakinta ya girma, maganarta ya sha. Ni kuwa Yaya yake ce mini, kamar wata babbar 'yar gidan. Ba na kallonsa ido cikin ido, ba na zama inda yake zaune. In ina son ya gyara mini danga sai in tsaya tsakar gida in ce wa iska, "Dangar nan dai ta faɗi, ko masu gida sun gani oho." Kafin la'asar an gyara. Haka muke hirarmu, kuma mun fahimci juna fiye da masu zama su yi ta surutu. Tun yana ɗan saurayi aka san shi da abu ɗaya: in turmi ya yi kira, shi ne na farkon isowa. Ranar da wuta ta kama madafar gidan maƙera, shi ya fito da tsohuwar gidan a bayansa, gashin girarsa ya ƙone. Matar maƙerin aminiyata ce, damina ɗaya aka kawo mu garin. Ina ce mata Ta-maƙera, tana ce mini Ta-gangare. Ta zo har gida tana yi mini barka, na ɗaure fuska na ce ni ban san wanda take magana a kai ba. Ta ce, "Munafuka, ji yadda hancinki ke buɗewa." Gaskiyarta ne. Daɗi kamar ya kashe ni.

Shekaru suka tafi. Iya ta rasu, maigidana ya bi ta. Injin niƙa ya shigo, daka ta ragu, turame suka koma wurin zaman masu tsince shinkafa. An daɗe ƙwarai ba a buga turmin wofi ba, har aka yi 'yan mata da suka yi aure ba su taɓa jin sa ba sai a labari. Sannan daji ya fara canzawa. Maƙwabtanmu na ruga aka fara kwashe wa shanu. Wata safiya matar da ta shekara da shekaru tana kawo mini nono ta zo da ƙwarya wofi, ta ce sallama ta zo yi, za su tashi. Muka riƙe hannun juna muka rabu. Daga nan labari ya riƙa zuwa daga wajen Damari da sauran garuruwa, yau an tare hanya, gobe an ɗauki mutum a gona. Muka daina shiga tsintar kaɗe. Ƙarar babur, wadda da yara ke rugawa su tarba, ta zama abin da ke sa mace ta saki ludayi. Ɓarawon da na sani yana jin kunya a gan shi. Waɗannan kuwa da rana tsaka suke zuwa, fuska a buɗe.

Maza suka yi ta taro a ƙofar masallaci. Aka kafa 'yan sa-kai, aka nemo bindigogin toka, masu hali suka ja katanga suka sa ƙofar ƙarfe. Gari ya cika da kwaɗo, har ni aka kawo wa ɗaya, na rataye makullin a wuya kamar laya. Aka kuma yanke shawara cewa in suka zo da yawa kada wanda ya tsaya, wanda ke gona ya shige daji ya kwanta, dukiya ba ta kai rai ba. Shawara mai kyau. Amma babu mace ko ɗaya a wurin taron, kuma babu namijin da ya tuna da turmi. Abin ya tsufa har ya zama kamar ƙasar da ake takawa, ba wanda ke tuna tana nan. Aka sauya komai na tsaron gari, aka bar shi yadda yake. Ni ma sai daga baya abin ya faɗo mini, ina tankaɗe. Na yi wa mata biyu uku maganar a bakin rijiya, suka ce ai Kaka wa zai tuna da turmi a irin wannan rana, kowa ta kansa zai yi. Na yarda da su, don ina son in yarda.

A kan ɗana dai na kasa haƙura. Wata yamma ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a bakin randa, na juya masa baya na ce wa danga, "Mutanen gidan nan, in sun ji turmi suna gona, kada su zo."

Sai na ji yana dariya ƙasa ƙasa. Ya ce, "Yaya, ai Iya sai ta tashi daga kabari ta ja mini kunne."

Na ce, "Iya ba ta ga wannan zamani ba. A gaya wa masu taurin kai, fartanya ba ta tare harsashi."

Ya ce, "To in kina ciki fa? In yarinyar nan tana ciki? In kwanta a dawa ina jin ku?"

Na ce, "A kwanta."

Ya zuba sauran ruwan a ƙafarsa ya ce, "Allah dai ya sa kada a buga." Bai ce ba zai zo ba, ni ma na san bai ce ba. Ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba tun da na haife shi.

Ranar da suka zo, hantsi ne, ana maimain noma, maza duk sun fita. Ina surfa masara na ji baburan, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kamar ƙudan zuma sun taso. Na tura matar ɗana da jikata ta ƙofar baya na ce su shige cikin dawa. Sannan na kife turmina, masara da komai, na zauna a kai. Na ce yau ko sama za ta faɗo, turmin gidan nan ba zai yi magana ba. Aka fara harbi ta wajen masallaci. Ina zaune ina roƙon Allah abu ɗaya, ya ɗaure hannun kowace mace a garin. Na ɗan lokaci kamar an karɓi roƙona. Sai na ji shi. Kwal, kwal, kwal. Ko a cikin barci na san saukar wannan tabarya, ta Ta-maƙera ce. Sai gidan liman ya karɓa. Sai gangare. Har 'yan matan da ba su taɓa jin sa ba suka ɗauka, kamar da shi aka haife su. Garin ya yi kira yadda bai taɓa yi ba tun ranar ɓarawon dawa.

Ban san yadda na kai bayan danga ba, inda ake hango hanyar rafi. Suna tahowa. Duk shawarar ƙofar masallaci ta zube, ƙafafunsu sun riga kansu. Dattawa da samari, laka har gwiwa, kowa da fartanyarsa, kamar wancan karon. Shi ne a gaba, ya ba na bayansa rata mai yawa. Na ɗaga hannu biyu ina kora su. Sannan na buɗe baki na kira sunansa. Sunan da na riƙe a bakina tun ranar da aka raɗa shi, na sake shi da duk ƙarfina, na ce ya koma. Turame na ta bugawa, ni kaina da kyar na ji muryata. Ban sani ba ko ya ji. Abin da na gani bayan nan ba zan faɗa ba, na bar shi tsakanina da Allah. Da la'asar aka jera su a ƙofar masallacin da suka yi taro, waɗanda suka rage suka yi musu sutura.

Ba mu ƙara kwana a garin ba. Muka taho nan da abin da kai zai iya ɗauka, masara na tsaye a gona. Na kulle ƙofa da kwaɗon nan, don wauta, makullin yana wuyana har yanzu. Ta-maƙera ma nan ta sauka, a wata unguwa, wurin ƙaninta. Na daɗe ba na son jin ko sunanta. In aka ce tana gaishe ni sai in ce ina amsawa, in tofar da yawu. Ina da zuciya, ban taɓa ɓoyewa ba. Sai da aka ce mini ba ta da lafiya na ja ƙafa na je. Na tarar da ita a kan tabarma ta zama kamar kara, hannayenta a cinya. Ita ma mijinta da autanta suna cikin waɗanda aka jera.

Ta ce, "Ta-gangare, kin zo ki zage ni? Zagi, na fi son haka."

Na zauna a bakin tabarmar.

Ta ce, "Wallahi ban san na ɗauki tabaryar ba. Na ga sun shigo zaure, sai na ji ta a hannuna. Na kira su ne su zo su cece mu. Ba haka aka koya mana ba?"

Na zo da maganganu cike da baki, amma duk na watsar da su. Na kama hannun nan nata, ya yi kanta irin nawa. Na ce, "Haka aka koya mana." Muka yi kukan da ban yi ba tun ranar. Ba ta ƙara taɓa tabarya ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ga ni a gida mai katanga da fasassun kwalabe a kanta, da ƙofar ƙarfe mai sakata biyu. Mutumin da ke bayan katangar nan ban san sunansa ba, tarinsa kawai na sani. Kwanakin baya aka shiga wani gida a layinmu da rana aka ɗauke babur, matar gidan ta yi ihu har muryarta ta dishe, kowa ya ƙara danna sakatarsa. Na yi ta faɗa ina cewa wane irin gari ne wannan. Ina cikin faɗan na tuna inda fitowa ta kai ɗana, sai na bar faɗan.

Shekaranjiya na ɗan kishingiɗa bayan azahar, wata ta bar turminta a tsaye, yaran gidan suka samu tabarya. Kwal, kwal, kwal. Kafin in san abin da nake yi na tsinci kaina a ƙofar gida, babu mayafi, babu takalmi, ni da ke tashi da dafa bango. Na duba layin sama da ƙasa. Mai shago yana auna sukari, wani yana wanke babur, ko kai ba wanda ya ɗaga. Na tsaya ina jira, ban san ko in yi kuka don ba wanda ya zo ba, ko in gode wa Allah. Jikata ta biyo ni da mayafina ta yafa mini, ta leƙa hanyar ita ma.

Ta ce, "Kaka, wa kike jira?"

Na ce, "Babanki. Shi yake fara isowa."